Murfin Kwalbar Lawai

Makon jiya wasu samari uku suka same ni a bakin shagona a Kankiya, kowa da waya a hannu, suka ce sun zo in koya masu haɗa kayan fim. Na ce madalla, wata nawa kuka ware? Babbansu, mai askin da ya bar tsakiyar kai kamar gonar da aka manta ba a girbe ba, ya ce ai yinin yau ma ya isa, tunda abin ba wuya: jini zoɓo ne, hawaye albasa ce, sauran kuma waya za ta gyara. Na jawo masu benci. Abin da na gaya masu shi zan rubuta a nan, don na gaji da maimaitawa, kuma na san gobe wasu ukun za su zo da irin askin.

Sunana Hamisu, amma a lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, ba wanda ya san ni sai da Hamisu Haɗa. Duk abin da ɗan wasa zai taɓa, ko ya sha, ko a shafa masa, wanda ba na gaske ba ne amma dole ya yi kama da na gaske, daga hannuna yake fitowa. Idan na yi aiki mai kyau ba wanda zai san na yi aiki. Idan na yi kuskure, har yaran da ke kallo ta taga sai sun san akwai wani wawa a bayan kyamara. Sunana a ƙarshen fim yana zuwa ne bayan na mai dafa abinci, lokacin da kowa ya riga ya tashi neman takalminsa.

Aikin farko da aka ba ni gemu ne. A lokacin wasan daɓe muke yi, ba kyamara, kuma maigidana marigayi Malam Iro Tela shi ke haɗa komai. Ya ba ni auduga da ƙaro ya ce in mayar da wani saurayi dattijo. Na yi sauri, ban bari ƙaron ya yi kauri ba. Ana tsakiyar wasa, dattijon nawa ya sunkuya zai sha fura, gemun ya riga shi shiga ƙwarya. Jama'a suka yi ta dariya har da masu kwanciya a ƙasa, alhali wasan na mutuwa ne. Malam Iro bai zage ni ba. Wata huɗu ya bar ni ina wanke tukwane da jiƙa ƙaro, ban taɓa fuskar kowa ba.

Shi ya koya mini cewa jini kala-kala ne. Zoɓo tsura idan ya zuba a farar riga ja-ja yake yi kamar leɓen amarya, in ya bushe kuma ya koma shuɗi-shuɗi. Sai ka dafa shi ya ƙone rabi, ka sa ƙaro don ya riƙa gangarowa a hankali, ka ƙona sukari kaɗan don duhu. Jinin yanzu daban, jinin jiya daban. Jarrabawarsa kuwa ɗaya ce: ka shafa a tsumma ka je ka wuce ta gaban mahauta. Idan mahauci ya ɗago kai ya ce wa ya yanke, ka ci. Sau shida ina wucewa kafin wani ya kula ni.

Kayan aikina duka suna cikin akwatin ƙarfe guda: allura, kyandir, almakashi, tsohon buroshin haƙori, ƙaro, toka, jar ƙasa, shuni, da wata 'yar tukunya da ta girmi yawancin daraktocin da na yi wa aiki. Daraktoci kuwa na ga iri-iri. Akwai wanda zai ce ka kawo masa gidan talaka, ka kai shi gidan talaka na gaske a Fakuwa, ya ce bai yi kama da na talaka ba, a ƙara yaga labule. Akwai wanda zai sa jaruma ta kwana uku a hannun 'yan fashi amma ya hana a taɓa jan bakinta. Ni dai nawa to.

Shekarar da faifan CD ya mutu, fim ya koma cikin waya, ita ce shekarar da ta fi ba mu kashi. Masu kyamara suka koma ɗaukar biki, 'yan wasa suka koma gona. Ni na ɗauki 'yar tukunyata na koma tashar Kusada ina sayar da zoɓo a gora. Mutane suka yi ta yabon zoɓona wai ya fi na kowa kauri. Ban gaya masu cewa haɗin sukar wuƙa suke sha ba, citta kawai na ƙara.

A nan na san Lawai. Ɗan acaɓa ne, dogo, mai yawan shiru. Kullum sai ya sayi gora biyar ko shida, ba don ƙishirwa ba. Wata rana ya gaya mini dalili da bakinsa. Shekara goma sha ɗaya yana shan kodin, maganin tarin nan da samari suka mayar abin maye. Ya sayar da babur biyu a kansa, ya sayar da gadon matarsa tana unguwa. Ranar da ya ɗauki buhun geron da aka ajiye don 'ya'yansa, surukinsa Malam Sada ya zo daga Dudunni ya kwashe 'yarsa Asabe da yara uku. Lawai bai sake ta ba, ita ma ba ta nemi saki ba. Daga ranar ya daina sha, amma hannunsa bai daina neman kwalba ba, shi ya sa yake riƙe gorata.

Ya kai shekara biyu a haka kafin Malam Sada ya sauko. Ya ce idan aka yi kakar bana bai ji wani labari ba, Asabe za ta koma ɗakinta. Duk tashar Kusada ta san wannan magana, har ana yi wa Lawai lissafin watanni.

Ana cikin haka wani darakta ya sauka a Kankiya. Yaro ne, ba zan faɗi sunansa ba, yana sa baƙin gilashi har a cikin ɗaki. Ya zo da labari mai kyau, wannan ba zan hana shi ba: uba ɗan kodin, gida ya watse, babbar 'yar ta riƙe ƙannenta da sayar da awara, ta yi karatu da fitilar waya har ta zama ma'aikaciyar jinya, a kashi na tara uban ya tuba a hannunta. Kalma ɗaya ce a bakin daraktan nan, orijina. Gida orijina, talauci orijina, hawaye orijina. Da ya ji labarin Lawai sai ya ce ya samu uba orijina.

Na ja Lawai gefe na ce ya rufa wa kansa asiri, saura wata uku kaka. Ya ce, “Malam Hamisu, ai a ƙarshe mutumen tuba shikai. Ina so a gan ni ina tuba. Mutanen Dudunni sun gan ni ina tangaɗi shekara da shekaru, ba su taɓa ganina ina tuba ba.”

Saura sati biyu a fara ɗauka, darakta ya kira ni ya ce kwalaben da za a sha su ma orijina yake so, guda goma sha biyu, a rufe, don zoɓo ba ya fita a sabuwar kyamara. Na ce ranka ya daɗe, mutumin nan shekara biyu ke nan bai sha ba. Ya ce ai kurɓa kawai zai yi ya tofar bayan an ce kat. Na dube shi. Yaron da ko hayaƙin sigari ke sa shi tari yana koya mini yadda ake kurɓar kodin a tofar. Na san idan na ƙi, gobe zai aiki wani ya sayo, kuma a ƙasar nan ba sai an yi nisa ba. Sai na ce to, ya bar mini.

To, ku masu cewa aikin yini ɗaya ne, ga abin da na yi. Na bi bayan tasha da bola na tsinto kwalabe fanko, abin takaici ban sha wahalar nema ba. Na tafasa su da toka sau uku, na shanya a rana kwana biyu, har sai da na sa hanci ban ji komai ba, don ko warin bana so ya kai ga Lawai. Na dafa zoɓo da mazarƙwaila da ƙaro har ya zama idan ka karkata kwalba yana bin gilashi a hankali. Na sa kanumfari da na'a-na'a don warin magani. Na jiƙa ɓawon maɗaci na zuba cokali biyu, don fuska ta yamutse da kanta ba sai an koya mata ba. Sunan kamfani na rufe shi da takarda, na ce wa darakta kada a kai mu kotu.

Murfin ne ya ci mini rai. Sabuwar kwalba idan ka murɗa sai ta ce ƙas, saboda zoben da ke ƙasan murfi yana rabuwa. Wanda aka riga aka buɗe ba ya cewa komai. Sai na riƙa gasa allura a kyandir ina narka zoben da murfin a wuri huɗu, ɗigo-ɗigo, yadda ido ba zai gani ba amma kunne zai ji. Kowane murfi rabin yini. Na ƙone yatsa biyu. Ranar da na kai, darakta ya ɗauki ɗaya ya murɗa a kusa da kunnensa, ta ce ƙas. Ya shinshina, ya yamutse fuska, ya ce, “Ka gani ko, Baba? Orijina daban yake.” Na ce ƙwarai kuwa.

Lawai kaɗai na gaya wa gaskiya. Ya riƙe kwalbar ya daɗe yana kallo, sannan ya shinshina ya yi dariya. Ya ce, “Wanga ko jinjiri ba ya bugarwa.” Na ce haka ake so.

Ranar da aka ɗauki babban sin ɗin, wato fitowar da ta fi kowace nauyi a fim ɗin, da hantsi ne, a wani gida a Kusada. Uban zai shigo tsakar gida, 'yarsa na suyar awara, ya kwashe cinikin ya fita, ya dawo da kwalba ya sha a gabanta. Na sa masa albasa a hankici don ido ya yi ja. Aka ce akshin. Lawai ya murɗa, ƙas, ya yi jifa da murfin can bayan turmi, ya ɗaga kai ya shanye rabi. Maɗaci ya yi aikinsa. Sannan ya yi wata tafiya da ban taɓa ganin ɗan wasa ya yi ba, gwiwa na lanƙwashewa, kai na rigan jiki, yana murmushin da ba na kowa ba. Yarinyar da ke fitowa a 'yarsa ta fashe da kukan da ba a rubuta mata ba. Darakta har gilashi ya cire.

Ni kuwa ina rarrafe bayan turmi ina neman murfina. Aka sake ɗauka, ya sake jifa. Sau biyar. Na same shi na ce Lawai, don Allah ka riƙa sa shi a aljihu, ka san wahalar da na sha kuwa? Ya ce, “Ka yi haƙuri, Malam Hamisu. Haka za ni yin shi.” Na ji haushi ƙwarai, na ce a raina ɗan acaɓa ya yi fim kwana uku ya fara taurin kan jarumai.

Fim ya fita kashi-kashi a waya, ana tsakiyar yankan gero. Abin da ba mu lissafa ba shi ne, mutanenmu ba sa kallon kashi tara. Wani ya yanko wurin shan nan kaɗai, bai kai minti ɗaya ba, ya sa masa kiɗa, ya bi wayoyi daga Kusada har ƙauyukan da ko sabis sai an hau tudu. Tubar da Lawai ya shiga fim dominta tana can kashi na tara, ba mai kai mata ziyara. Kamar wannan bai isa ba, darakta ya hau shafinsa yana bugun ƙirji cewa a fim ɗinsa ba a ƙarya, abin da aka sha orijina ne.

Kwana uku bayan haka Lawai ya zo shagona da rana tsaka, bai ko kafe babur daidai ba. Malam Sada ya aiko: maganar kaka ta tashi, kuma Lawai ya shirya takardar saki. Lawai bai yi kuka ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce kawai, “Na rantse masu, sun ce ɗan kodin ba ya da rantsuwa.” Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, don gwanintata ce ta kai shi nan. Da na yi aikin banza, da kowa ya gane zoɓo ne.

Na san idan na buɗe baki, na gama aiki da daraktan nan da duk abokansa, don ba abin da darakta ya tsana kamar a gane an yi masa wayo. Na ɗauki akwatina na hau bayan Lawai muka nufi Dudunni.

Bayan la'asar muka sami Malam Sada a zaure da dattawa huɗu, ana ɓarar wake. Dattijo ne gajere, mai magana a hankali. Ya amsa gaisuwata, bai dubi Lawai ba. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, “Malam, ni ba yaro ba ne. Na san wasa, na san gaske. Mai him ɗin da bakinshi ya ce na gaske ne. Kai kau mi ne naka?” Na ce a ba ni murhu da ruwa.

A gabansu na haɗa komai, tun daga zoɓo har maɗaci. Na gasa allura na liƙe murfi. Na miƙa wa Malam Sada na ce ya murɗa. Ta ce ƙas. Dattawa suka dubi juna. Na ce ya kurɓa, in haram ce a wuyana. Ya yi bisimilla ya kurɓa, fuskarsa ta tattare wuri guda, sak ta Lawai a waya. Wani dattijo ya ƙyalƙyale har wake ya zube daga cinyarsa.

Malam Sada ya goge baki. Ya ce, “To, na ji ruwan. Tangaɗin hwa? Shi ma cikin tukunya aka dahwa shi?”

Lawai, da ke durƙushe tun da muka zo, ya ce, “Baba, wannan ba sai na sha ba. Shekara goma sha ɗaya ina yin shi, ƙahwata ta haddace. Tahiya daidai ita ce nike koyo yanzu.”

Amma na ga dattijon bai gamsu ba. Ya ce wanda ya iya haɗa na ƙarya yau, wa ya san abin da ya zuba ran nan? Gaskiyarsa ce. Kayana sun ƙare.

Sai muka ji sallama daga bayan ƙofar cikin gida. Asabe ce, ba ta fito ba, muryarta kawai. Ta ce, “Baba, in an yarda in yi magana.” Ya ce ta yi.

Ta ce, “Ni tun ranar da aka nuna mani na san ba kodin ba ne ya sha. Ku duba murhin. Shekara goma sha ɗaya ina kallonshi, bai taɓa buɗe kwalba ya yar da murhi ba. Sai ya lashe cikinshi tukuna, ya ɗauraye da ruwa ya shanye, don kar ɗigo ya ɓace. Murahun nan cikin aljihunshi nike tsintar su in za ni wanki. Mai sha na gaske ba ya jihwa da murhi.”

Aka miƙo waya, aka sake kunnawa, dattawa biyar suka haɗa kai a kanta. Ƙas, murfi ya tashi sama ya faɗa bayan turmi. Malam Sada ya sa aka mayar sau uku. Sannan ya juya wajen ƙofa ya ce, “To mi ya hana ki hwaɗi tun tuni?”

Ta ce, “Ba wanda ya tambaye ni, Baba.”

Na dubi Lawai. Kansa a ƙasa, hawaye na ɗiga a tabarma, kuma wannan karon ba albasa a hannunsa. A hanya muna dawowa, iska na kaɗa mu, na ce masa ashe da gangan ka riƙa wahalar da ni bayan turmi. Ya ce, “Na san duk duniya za su ce na koma. Ita ɗai nike so ta gane.” Shekara talatin ina haɗa kaya don in ruɗi masu kallo, ban taɓa tunanin mutum zai ɓata mini aiki don kada ya ruɗi mutum ɗaya ba.

Asabe ta koma ɗakinta bayan an gama sussukar dawa. Darakta kuwa da labari ya kai masa, ya kira ni a waya ya ce na ci amanar fasaha, kuma bai ƙara nemana ba. Na ji daga baya yana gaya wa mutane wai shi ya tsara komai tun farko don kare lafiyar jaruminsa. Allah ya ƙara basira.

Da na kai nan, mai askin nan ya ce to Baba, yanzu da me za mu fara? Na buɗe akwati na ɗauko murfin, ɗaya daga cikin biyar ɗin da na tsinto bayan turmi, na ɗora masa a tafin hannu tare da allura da guntun kyandir. Na ce ya je ya liƙe shi, ranar da ya ce ƙas ya dawo. Yau kwana takwas ke nan. Sauran biyun ban ƙara ganinsu ba, amma shi jiya ya wuce ta gaban shago, ya ɗago mini yatsa a naɗe da tsumma.